Miyar Gyaɗar Juma'a

"Wa yake dafa miyar nan da ake kawo min?"

Ko zama Hajiya ba ta yi ba ta jefo min tambayar. Mahaifiyar mijina Habibullah ce, matar da ko biki sai an yi da gaske take fita, amma yau ga ta tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har gidanmu a Tarauni, babu waya babu aike.

"Ni ce, Hajiya," na faɗa, kaina a ƙasa.

"Ke ce... To madalla." Ta dire leda a gabana. "Ga ƙirjin kaza nan, ga markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ga attaruhu. Yau a gabana za ki dafa mana na dare, in ga yadda ake yi."

Ni kuwa ƙarya na yi mata.

Tun da aka kawo ni gidan nan nake aika mata kular abinci duk Juma'a, kaza a miyar gyaɗa mai yaji, don ita ta fi so. Sai Allah ya ba ni ciki, laulayi ya saka ni gaba. Ƙamshin gyaɗa a kan wuta kuwa, ko daga gidan maƙota ya taso sai hanjina ya juya. Habibu ne ya ce kada a yanke wa Hajiya kularta.

"Ki kwanta, hasken idona," haka yake cewa yana naɗe hannun riga. "Ni zan dafa, ke ki karɓi albarkar."

Sai ya rufe tagogi ya shiga kicin, ni ina ɗaki da filo a hanci. Faɗa mata kuwa, da wane bakin? Cikin fari ne. Ni ba zan iya duban surukata in furta ba, shi ma gogan duk bakinsa, da ya zauna gabanta sai ya ɓuge da zancen tsadar fetur.

Hajiya ta ja kujerar roba ta dasa a ƙofar kicin.

"Sa'adiya, ba na ɓoye-ɓoye," ta ce. "Akwai ruwan tsamiya a miyar nan. Ban san mai zuba tsamiya a miyar gyaɗa ba sai ni, kuma ban koya miki ba. Mutum ɗaya ne ya taso riƙe da zanina a gaban murhu."

Na hau wanke kazar da lemun tsami.

"Na ga ƙuna a bayan hannunsa, wai salansar babur ce. Yaushe rabon Habibu da hawa babur?"

"Hajiya..."

"Ban gama ba! In har ɗana ne a gaban tukunya ke kina kwance kina danna waya, to ba a banza ba, wani abu aka yi masa. Yau ɗin nan zan kira iyayenki su zo su ɗauki 'yarsu."

Ni da ko turaren wuta sai na tambayi sunansa kafin in saya, wai ni ce na shanye miji! Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Na haɗiye kukana na ɗauki wuƙa.

Na yanka tsokar fale-fale, na shafe ta da citta da tafarnuwa da masoro da gishiri, na jera a mai har ta yi ja. Na jajjaga attaruhu da tattasai da albasa. Duk inda hannuna ya je idonta na biye. Da na ɗauko wata 'yar kwalba, sai ga ta a kaina.

"Wannan garin na mene ne?"

"Kori ne, Hajiya."

Ta karɓa ta shinshina, ta lakata a harshe, ta ɗaga kwalbar ta leƙa gindinta kamar za ta ga sunan boka a rubuce. Sannan ta miƙo min.

"Hannun dai ya iya riƙe wuƙa," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "To in kin iya, me ya sa kike bautar min da yaro?"

Na dama gyaɗar da ruwan ɗumi ina riƙe numfashi, ina addu'a a zuci: ya Allah ka rufa min asiri, ka bar ni in sauke tukunyar nan lafiya.

Ina juye ta a kan jajjagen na ji sallamar Habibu, ya dawo daga ofis. Ya yi turus a bakin ƙofa.

"Umma! Yaushe kika..."

"Tsaya a inda kake."

Ya dube ni. Gumi ya jiƙe min wuyan riga, ina jin kicin ɗin yana juyawa da ni. Na girgiza masa kai a hankali, amma ina, hankalinsa ya riga ya tashi.

"Umma, don Allah ki bari in karɓa mata, ba ta..."

"Ka gani ko? Ka gani!" Hajiya ta ɗaga murya. "Jikinka har ɓari yake ka karɓi ludayi a gabana! Innalillahi... Habibu, ni na haife ka kuwa?"

"Wallahi ba abin da kike zato ba ne!"

"To mene ne? Faɗa min!"

Ya hau sosa ƙeya.

Daidai nan miyar ta fara tafasa. Mai ya taso a sama, tururin ya bugi fuskata gaba ɗaya. Ban san lokacin da na saki ludayin ba. Na bi ta gefen Hajiya da gudu, na durƙushe a bakin famfon tsakar gida, na dinga sheƙa amai kamar zan fitar da kayan cikina.

Da na ɗago, ba Habibu na gani a kaina ba, ita ce. Ta kama hannuna ta juya tafin ta duba. Ta ja fatar idona ƙasa. Ta daɗe tana kallon wuyana, ni kuwa ji nake da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Tun yaushe?" ta tambaya, murya can ƙasa.

Na rufe fuska da gefen ɗankwalina. Ta waiwaya wajen ɗanta, shi ma ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Sakarai!" ta ce da shi. "Kana tsaye ka bar ni na saka yarinya gaban gyaɗa da wannan hali? Ita kunya ta hana ta, kai me ya ɗaure maka baki?"

"Ni ma ita ce, Umma."

Ta zauna a ƙasa daɓas, a kan simintin da ya jiƙe, ba ta ko damu da leshinta ba. Ta tara ruwa a hannu ta wanke min fuska da kanta. Sai na ga hawaye na bin kumatunta.

"Sa'adiya, zamzam ɗin da nake ba shi duk Juma'a in ya kawo kula... tofi ne. Karɓowa na yi don a karya abin da na zaci kin yi masa. Ina cin abincin da aka aiko da sunanki ina kai ƙararki wurin Allah." Ta riƙe hannuwana biyu gam. "Ki yafe min, 'yata."

Kukan da nake ta haɗiyewa tun la'asar ya ƙwace min. Na kifa kaina a cinyarta.

"Na yafe, Hajiya... Ni ma na yi miki ƙarya."

"Yi shiru, kada ki wahalar min da kanki."

Ta ci gaba da shafa bayana. Ƙauri ya fara tasowa daga ciki, ta ɗaga kai ta harari Habibu.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi? Miyar za ta kama! Je ka juya ta, ka ja ƙofar kicin ɗin kada ƙamshin ya iso mata."