Wa Ya Fara Cewa "Yanka"?

Wata rana Malama ta ba kowane ɗalibi kalma guda. Ta ce, "Ku tambayi manya a gida ma'anarta da asalinta."

Kalmar "yanka" ce ta faɗo wa Auta. Ta yi murna, don kakanta tela ne, kullum almakashi na hannunsa. Shagonsa a ƙofar gida yake. Amma wasa ya ɗauke mata hankali, ko leƙa shi ba ta yi ba.

Washegari Malama ta kira ta. Ga shi ba ta tambayi kowa ba. Sai dai Auta akwai baki! Ta miƙe ta ce, "Kakana ya ce a da can an yi wani mutum mai suna Yanka. Shi ya fara ƙera wuƙa a duniya."

'Yan aji suka tafa mata. Malama ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ikon Allah, ban taɓa jin wannan ba. Ki roƙi Kaka ya zo gobe mu ji daga bakinsa."

A gida Auta ta kasa cin abinci. Ta lallaɓa shago, ta tsaya a bakin ƙofa. Kaka yana kan keken ɗinki, tabarau a kan hanci.

"Amaryata, yau kuma wa ya taɓa min ke?" in ji shi.

Ta fashe da kuka, ta faɗa masa komai. Kaka ya yi dariya har tabarau ya zame. Can sai ya gyara shi, ya dube ta.

"Kin sa min magana a baki, Auta. In na je na maimaita, na zama maƙaryaci da furfurata. In na ƙi zuwa, a ce tsoho ya gudu."

"Ka yi haƙuri, Kaka. Yanzu yaya za mu yi?"

"Zan je. Amma ke za ki fara magana. Share hawayenki, matso ki gani."

Ya shimfiɗa shuɗin yadi, ya sa almakashi, ƙyat! "Wannan shi ne yanka. Ɗan abin da ya fita fa?"

"Yanki!"

"Inda mahauta ke yanka dabbobi?"

"Mayanka!"

"Madalla. In mutum ya gama kai-kawo a ransa ya tsaya kan abu guda, sai a ce ya yanke shawara. Kamar yadin nan ne, in almakashi ya shiga, babu komawa."

"To, wa ya fara faɗin kalmar?"

"Ban sani ba. A bakin uwata na tsince ta, ita ma a bakin tata."

Auta ta zaro ido. "Kaka, har da kai akwai abin da ba ka sani ba?"

"Da yawa, amaryata. Kuma faɗin haka bai taɓa rage min tsawo ba."

Da safe suka tafi makaranta tare. Auta ta tsaya gaban aji. "Labarin jiya ni na ƙirƙira," in ji ta. "Kakana bai faɗa ba."

Wasu suka yi dariya. Kunya ta kama ta sosai, amma Kaka ya dafa kafaɗarta. Ya fito da yadinsa, ya nuna wa yara yanka da yanki. Wani yaro ya tambayi asalin kalmar, Kaka ya ce bai sani ba.

Malama ta yi murmushi. "Ni ma ban sani ba, Baba. Sai mu bincika tare." Ta juya ga aji. "Ku riƙe wannan. In ba ku san abu ba, ku ce ba ku sani ba. Ya fi ku jingina wa wani ƙarya."

A hanyar gida Kaka ya miƙa wa Auta wata 'yar jakar fensir. Da shuɗin yankin nan ya ɗinka ta.

"Yaushe ka ɗinka, Kaka?"

Ya kashe mata ido. "Wannan kam na sani, amma ba zan faɗa ba."

Auta ta riƙe hannunsa gam, suna tafe suna dariya.