Akwatin Facin Sagiru

"Cire shi!"

Sagiru ya ɗago daga kan mashin ɗinsa ya dube ni kamar bai ji da kyau ba.

"Me zan cire, Hidayata?"

"Akwatin nan! Yau sai ka kwance shi ka bar min shi a nan, in kuwa ka ƙi..."

Yammacin Alhamis ne, muna ƙofar gidanmu a ƙauyenmu da ke gefen Bunkure. Shekara guda ke nan Sagiru yana zuwa wajena daga Kadawa, inda yake gyaran injinan ban ruwa yana kuma noman albasa, ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Duk wanda ya san Sagiru ya san mashin ɗinsa. Ba sabo ba ne, amma babu inda bai taɓa ba. Ya ƙara wa kujerar soso, ya sa wurin cajin waya a ƙasan kan mashin ɗin, ya ɗaura wata roba mai faɗi a baya saboda taɓon gonaki. Watan da muka fara magana ya je Kura aka yi masa waldar raga a gefen tayar baya, wai don kada wata rana hijabina ya shige cikin taya. A lokacin ko sau ɗaya ban taɓa hawa mashin ɗin ba! Na yi ta yi masa dariya, na shiga ɗaki na yi kukan daɗi.

Sai kuma akwatin. Da tsohon tankin injin ban ruwa ya ƙera shi, ya shafe shi da koren fenti, ya ɗaure a kariya, wurin ɗora kaya na bayan mashin, da noti huɗu. A ciki akwai famfon iska, da gam, da yankakkiyar robar faci, da sifanu, da ƙarafunan ɓanɓare taya. Ba sana'arsa ba ce faci, amma Sagiru ba ya iya wuce mutumin da tayarsa ta sace a hanyar bakin kanal ɗin ban ruwa. Ko ina za shi sai ya tsaya.

Wannan halin ne ya sa na so shi, shi ne kuma yake neman raba mu.

Sau biyu mahaifina, Malam Dattijo, yana sa masa lokaci ya zo su gana. Sau biyu yana zuwa a makare, hannu duk baƙin taya. Baba kuwa malamin Islamiyya ne da ko ɗalibi ya makara da minti biyar a waje zai tsaya. Bai ma saurari uzurinsa ba.

"Ba zan ba mutumin da ba ya riƙe lokaci 'yata ba," in ji shi. "Gobe Juma'a bayan La'asar. Idan biyar ta buga bai iso ba, maganarsa ta mutu a gidan nan."

Baba in ya faɗi magana ba ya lashe ta.

"Wai me akwatin ya yi miki, abar ƙaunata?" Sagiru ya tambaya yana murmushi.

"Rauda ce ta zo min da labari ɗazu."

Rauda 'yar ƙanwar Innata ce, kunnenta kuwa babu abin da yake wuce shi. Ita ta jiyo cewa Badamasi, ɗan mai injin casar shinkafar nan da na sha gaya masa ba na yi da shi, ya shirya abokansa biyu, Uba da wani. Za su tsaya a hanyar Sagiru gobe, kowa ya huda tayarsa da ƙusa, ya tsaya yana roƙon taimako.

Sagiru ya tuntsire da dariya har da dafa ciki.

"Kai, Badamasi! Wallahi ya san ni."

"Dariya ma kake yi?"

"To ai faci biyu minti ashirin ne, Hidaya. Sai in fito da wuri."

"Haka ka ce wancan karon! Kai fa in ka buɗe akwatin nan mantawa kake da duniya. Ni ce ko akwati, Sagiru? Kwana ɗaya tak na roƙa..."

Hawaye suka zubo min. Ya daina dariyar. Daga nan ya ciro sifana ya durƙusa, ya kwance notin ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye akwatin a gabana.

"Ga shi, ranki ya daɗe. Amma ki daina kukan nan, yana taɓa min zuciya."

Na rungumo akwatin na kai ƙarƙashin gadona ina jin kaina mai dabara.

Ranar Juma'a tun da aka idar da La'asar Baba ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya cire agogon hannunsa ya ajiye a gabansa. Ni kuwa ina ɗaki da waya a hannu, Inna tana ta leƙowa tana cewa in zauna kada in huda mata ƙasa da zirga-zirga.

Huɗu da kwata wayar ta yi ƙara.

"Sahibata, na wuce su!" Muryarsa cike da dariya. "Su biyun suna tsaye kusa da juna suna ɗaga min hannu. Na nuna musu kariyar babu komai, na ce Allah ya kawo mai taimako. Da kin ga idon Uba!"

Na yi tsalle na rungume Inna.

Huɗu da rabi shiru. Na fara leƙen zaure. Biyar saura ashirin ya sake kira, wannan karon yana haki.

"Hidaya... ki yi haƙuri."

Na miƙe tsaye.

"Me ya faru? Ka faɗi ne?"

"Lafiyata ƙalau. Wani bawan Allah na tarar a wajen babbar kwalbati, ya ɗauko matarsa tana naƙuda za su asibitin Kura, tayarsa ta yi faci. Matar tana zaune a ƙasa tana murƙususu. Wannan ba shiri ba ne, Hidaya, na ga idonta."

"To sai me?"

"Na ba shi mashin ɗina sun tafi."

"Kai kuma fa?"

"Ina turo nasa. Amana ce, ba zan yar da shi a daji ba. Babu mai faci ko ɗaya a hanyar nan yau."

Na san wajen. Ko da gudu mutum yake ba zai iso gidanmu kafin biyar ba, balle yana tura mashin mai sacacciyar taya. Bai ce da akwatin yana wajensa da tuni ya gama ba. Da ma ya faɗa, da na samu wanda zan yi wa faɗa. Ni da kaina na faɗa wa kaina, na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado.

"Ke! Ina za ki da wannan?" Inna ta riƙo hijabina.

"Wajen Baba."

Ban taɓa yi wa Baba maganar saurayi baki da baki ba. Na durƙusa a bakin tabarmar, na ajiye akwatin, na sunkuyar da kai. Na faɗa masa komai, shirin Badamasi, da kukan da na yi har aka kwance akwatin, da matar da ke naƙuda.

"Baba, laifina ne. Ni na raba shi da kayansa. In hukunci za ka yi, ni za ka yi wa, don Allah..."

Baba ya jawo akwatin ya buɗe, ya ɗaga famfon, ya duba yadda aka jera sifanun kowanne a ramin da aka ɗinka masa da tsohuwar roba. Ya rufe.

"Tashi ki ɗauko shi."

"Na'am?"

"Ke kika cire, ke za ki mayar. Fito min da mashin ɗina waje tukuna... a'a, bari, kya kayar min da shi."

Haka na hau bayan Baba da akwati a cinya, muka bi hanyar bakin kanal, gonakin tumatir da shinkafa suna wucewa dama da hagu. Baban da yake tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, ranar har tsalle muke yi a kan ramuka. Sai da muka yi nisa na lura hannunsa babu agogo, ya baro shi a kan tabarma.

Daga nesa na hango shi. Farar shaddar da ya ɗinka musamman don ranar ta jiƙe sharkaf da gumi, hular ta karkace, yana tura wani jan mashin. Da ya gane mu sai ya tsaya cak, ya kafe mashin ɗin, ya zube ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam... barka da yamma."

"Barka kadai. Tashi, ga kayanka. Ina son in ga abin da yake hana ka zuwa wajena."

Sagiru ya saci kallona. Na kawar da kai ina cizon leɓe.

Ya cire rigar ya rataye a kan mashin, ya buɗe akwatin. Yana taɓa ƙarafunan nan ya koma Sagirun da na sani. Ya ɓanɓare gefen tayar, ya zaro tub ɗin, ya ɗan ba shi iska. Zai gangara bakin ruwa Baba ya miƙa hannu.

"Kawo."

Baba ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya tsuguna a bakin kanal, ya dinga tsoma tub ɗin cikin ruwa yana juyawa a hankali.

"Yawwa, ga ta nan tana kumfa! Ƙaya ce. Miƙo min tsinke in sa alama."

Na tsaya baki buɗe. Ashe Baba ya iya!

"Shekara goma na yi ina zuwa karatu a kan keke," ya ce ba tare da ya kalle ni ba. "Rufe bakin."

Sagiru ya kankare wurin, ya shafa gam, ya tsaya yana hura masa iska ya sha. Baba ya zauna a kan kwalbati.

"Mutumin da ka ba mashin ɗinka, ɗan wane gari ne?"

"Ban sani ba, Malam."

"Sunansa?"

"Ban tambaya ba."

"Lambar wayarsa fa?"

Sagiru ya sosa ƙeya.

"Matar tana jin jiki, Malam. Ban tuna ba."

Baba ya dube shi, ya dube ni, sai kawai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun ina ƙarama.

"Ikon Allah! Waɗancan karo biyun ma haka aka yi?"

"Na farko mai kwandunan tumatir ne, rana za ta lalata masa kaya. Na biyun wani tsoho ne."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ba ka tambaya ba, Malam. Kuma na ga kamar yabon kai ne."

Baba ya shafa gemu. Ana cikin haka sai ga mutum biyu sun ɓullo daga baya, kowa yana tura mashin, gumi har cikin ido. Abokan Badamasi ne. Ashe da shirin ya rushe Badamasi ya kashe wayarsa ya bar su da tayoyin da suka huda da hannunsu. Suna ganin Baba suka nemi juyawa.

"Uba! Ba kai na koya wa alwala ba? Zo nan."

Suka matso kamar an tsamo su daga ruwa.

"Sagiru, ara musu kayan. Amma kada ka taɓa musu, su da suka iya hudawa su iya liƙewa."

Na juya baya na toshe bakina da hijabi, kafaɗuna suna rawa.

Sagiru ya mayar da tub ɗin, ya buga iska har tayar ta yi tauri, ya wanke hannu a kanal. Ya dawo ya sake durƙusawa gaban Baba.

"Malam, na san biyar ta wuce..."

"Ni ban zo da agogo ba. Tashi ka kai wa mutane mashin ɗinsu, ka dubo mana jikin matar. Ranar Asabar ta sama ka turo min magabatanka."

"Malam?"

"Kurma ne kai?"

"Na ji! Wallahi na ji! Allah ya ƙara girma, Allah ya saka da alheri!"

Ya tashi ya rasa inda zai sa kansa, ya hau mashin ya manta rigarsa, sai da Uba ya bi shi da ita a guje. Da zai wuce ta gabana ya rage murya.

"Hidayata..."

"Tafi mana, Baba yana kallo!"

A asibitin ya tarar da mashin ɗinsa a bakin ƙofa, mai shi yana ta zagaye yana neman wanda ya san mai mashin mai raga a taya. Matar ta sauka lafiya, namiji.

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura mana aure. Sati biyu da tarewata ya ɗauke ni za mu gaida Inna, karon farko da na hau bayansa. Na sha kwalliya, na riƙe shi, iska tana kaɗa min hijabi, ina jin duk matan Kadawa babu wadda ta kai ni sa'a.

Mun wuce gonakin shinkafa ke nan na hango wani mutum a gefen hanya, ya jingine mashin yana danna tayar baya da yatsa. Na ji Sagiru ya sassauta gudu, ya kuma ƙara, ya sake sassautawa. Ya leƙo ni ta madubi kamar yaron da ke neman izini.

"Sahibata... Inna tana jiranmu, ko?"

Na ɗaka masa duka a kafaɗa.

"Tsaya mana, me kake jira? Ni zan riƙe maka gam ɗin."