A Taya Mu da Addu'a

Auta tana zaune a falo tana ɗinke bakin rigar aurenta, sai wayarta ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ta buɗe group ɗin zumuntar mata na cocinsu, ta ga voice note daga Gwaggo, yayar babanta. Ta danna.

"'Yan'uwa a cikin Ubangiji, a taya mu da addu'a! Yaron da Autarmu za ta aura, mai buga mana ganga ran Lahadi, ashe ya taɓa shaye-shaye. Ba gulma nake ba, addu'a nake nema!"

Allura ta soki yatsar Auta, ko ji ba ta yi ba. Maganar gaskiya ce, nan ciwon yake. Tun farko saurayin nata, Mai Ganga, da kansa ya zauna a wannan falon, kai a sunkuye, ya faɗa wa iyayenta, don ba ya son shiga gidansu da ɓoye-ɓoye. Ya daɗe da dainawa. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce abin da Allah ya yafe ba mai tono shi. Gwaggo tana gefe ranar, tana ta "Amin, amin."

Ita fa Gwaggo ba muguwa ba ce. Amma tun da aka saya mata waya, ko kaza ta yi tari sai duniya ta ji.

Sai ga kiran Mai Ganga. "An tura wa mahaifiyata voice note ɗin daga wani group. Tana ɗaki tana kuka. Ta ce ba za ta haɗa zuri'a da gidan da ake tallar ɗanta ba. Auta, ta ce a fasa."

Hawaye suka ɓalle mata. Ta hau rubutu a group ɗin, tana zazzage asirin Gwaggo ɗaya bayan ɗaya. Saura ta tura, Mama ta riƙe hannunta.

"Sake ni, Mama! Yau sai ta ji in da daɗi!"

"To ki tura, mu samu Gwaggo biyu a gida. Me aka koya miki a coci? Wanda ya yi miki laifi, ki same shi ku biyu tukuna. Gidanta bai tashi ba, ƙafarki ma lafiya lau."

Auta ta goge rubutun, ranta na tafasa. Ta nufi gidan Gwaggo, ta tarar da ita a ƙofar kicin tana ƙirga masu cewa amin.

"Ga amarya! Kin ga yadda mutane ke ta addu'a?"

"An fasa auren, Gwaggo."

Wayar ta kusa suɓucewa. "Wayyo ni! Ni da na nufi alheri?"

"Kafin ki tura, ke kin yi masa addu'ar?"

Gwaggo ta ajiye wayar. Ta ce a sanyaye, "Ban yi ba, 'yar nan. Bari in goge."

"Gogewa ba ta dawo da abin da kunne ya ji. Ɗauko mayafinki."

A gidan su Mai Ganga, Gwaggo da girmanta ta durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Amana ɗanki ya ba mu, na kai ta kasuwa. Ki yafe mini, kada laifina ya shafi yaran nan."

Matar ta dubi Auta. "Ke me kika rubuta a group ɗin?"

"Na rubuta da yawa, Mama, amma ban tura ba."

"To ke nake so wa ɗana. Macen da ta iya riƙe yatsarta ran fushi za ta riƙe sirrin gida."

Mai Ganga da ke tsaye bakin ƙofa ya juya yana share ido, wai ƙura ce.

Da izininsu Gwaggo ta sake yin voice note, gajere a karon farko a rayuwarta, ta ce ita ce mai buƙatar addu'a.

Ranar auren kuwa, Gwaggo da kanta ta miƙa wa Mama wayar. "Riƙe min, kada Shaiɗan ya ara yatsata!" Aka kwashe da dariya, ango ya ƙwace sanda daga hannun makaɗi ya buga gangar da ba a taɓa jin irinta ba.

Jama'a, ba duk gaskiya ce ta turawa ba. Kafin ka danna, tambayi kanka ko maganar taka ce, ko kuma amanar wani. Allah yana jin addu'a ko ba a sa ta a group ba.