Likkafanin Habboba Kande

Da hantsin wata Juma'a, a shekarar da ta gabaci yaƙin da ake yi yanzu a ƙasar, gidan marigayi Alhaji Ibrahim Khalil da ke Umdurman ya kaure da hayaniya. 'Yar marigayin, Zuhura, tana durƙushe a tsakar gida, baffanta Ashafa kuma yana tsaye a kanta, riƙe da wani dogon farin ƙyalle wanda jar ƙura ta ɓata wa gefe.

"Duba nan, marar hankali! Hudar ƙusa har huɗu! Kin san abin da kika ɗauka kuwa?"

"Wallahi, Ammi," in ji ta, wato Baffa ke nan da Larabci, "na zaci zanen gado ne. Iska ce ta yaga musu sikirin ɗin majigi, ga jama'a za su taru..."

"Sikirin! Ya salam! Likkafanin kakarki ne, wanda ta tsoma a ruwan Zamzam da hannunta, shekara ashirin yana ajiye a akwati. Shi kika kai Aljirif aka haska makaɗa a kansa!"

Zuhura ta ɗora hannu a ka, ta fashe da kuka.

Wajibi ne a bayyana ko wane ne wannan Ashafa. Attajiri ne a kasuwar Umdurman, ɗan alhazan da suka taso daga Katsina a ƙasa, amma ya ɗauki asalinsa tamkar wata cuta da ake ɓoyewa. A allon shagonsa Ashraf ya sa aka rubuta. Idan mahaifiyarsa ta yi masa Hausa a gaban baƙi, sai ya tsira wa agogonsa ido. Irin wannan mutum ne Allah Ya danƙa wa waliccin Zuhura.

Shi kuwa wanda take so, Ɗantani, ɗan Malam Jatau ne, mai gasa jan bulo a unguwar Aljirif da ke bakin kogin Nilu. Ya gama jami'a, ya kuma ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi: kowace Alhamis bayan magariba yakan kafa majigi a fili, ya nuna wa jama'a kyauta kaɗe-kaɗen baƙar fata da tarihinsu, na Afirka da na ƙetaren teku. Ashafa ya daɗe yana neman hujjar korarsa, yau ga ta a hannu.

"Khalas! Magana ta ƙare," in ji shi. "A aika wa mutanen Aljirif kada su wahalar da ƙafafunsu ranar Asabar. Babu neman aure, babu dangoginsa."

Habboba Kande, wato Kaka Kande, mahaifiyar Ashafa mai likkafanin, tana zaune a kan gadonta na igiya tana jan carbi. Ta miƙa hannu ta karɓi ƙyallen, ta ninke, ta ci gaba da jan carbinta. Wannan ya fi wa Zuhura zafi a kan duk zagin baffanta.

Bayan sallar Juma'a Ɗantani ya zo. Zuhura tana bayan ƙofa tana saurare.

"Ammi Ashraf, laifina ne. Ni na buga ƙusar, ban tambaya ba."

"Kada ka sake kira na Ammi, ya zol, kai ɗan talikin nan! Ɗan kambo, ɗan sansanin 'yan ƙwadago, jikan masu tsinkar auduga a Jazira! Mutane na neman ci gaba, kai kana tara masu ƙafa da taɓo kana nuna musu baƙaƙen fuskoki suna tsalle. Me aka taɓa samu a baƙin da har za a haska shi a bango?"

"Na ji, Ammi. Allah Ya huci zuciyarka."

Zuhura ta so a ce ya rama, amma bai rama ba. Ya aiko mata da saƙo a waya: "Yi haƙuri, kada ki yi musu da kowa. Ba zan kashe majigi ba, ba kuma zan fasa ki ba." Tun daga ranar, kowace Juma'a sai ya shiga mota biyu, ya tsallako gada, ya yi sallama, a bar shi tsaye a rana, ya juya. Wata uku ana haka. Zuhura ta rame, amma ba ta daina dafa wa baffanta shayi ba, ba ta kuma daina matsa wa kakarta ƙafa ba.

A Juma'a ta goma sha uku, Habboba Kande ta ajiye carbinta.

"Zuhura, shigo min da shi."

"Ya Hajja, wane irin..." Ashafa ya fara da Larabci.

"Da Hausa za ka yi min, ko ka yi shiru."

Ɗantani ya shigo ya durƙusa. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai buga wa likkafanina ƙusa tun ban mutu ba? To, gaya min, me ka haska a kai?"

"Habboba, tsofaffin mata ne na Jazira. Ni na ɗauko su da kyamara, suna waƙoƙin da suke yi a gonar auduga a da. Bayansu kuma na nuna jikokin bayi na can Amurka, su ma da nasu waƙoƙin na auduga."

"Har can ma audugar ce?"

"Har can, Habboba."

"Matan da suturarsu?"

"Da suturarsu cif."

Ta jinjina kai, ta juya ga ɗanta.

"Wata uku ina kallon ku biyu. Shi ana wulaƙanta shi yana dawowa, kai kana wulaƙanci kana ƙara ƙiba. Likkafanin nan naka ne ko nawa?"

"Naki ne, amma mutuncin gida..."

"Na sa an wanke shi, ƙurar ta fita. Wane datti ya rage? Baƙar fuska? Baƙar fuska za a naɗe a ciki ai, in ka manta. Kambon da kake zagi kuwa, shekara bakwai muka yi a cikinsa da ubanku, muna neman guzurin Makka. A can na haife ka, tsakanin buhunan auduga, matan da kake raina su suka yanke maka cibiya. Ashafa! Ranar Asabar za ka sa rawaninka, ka tarbi Malam Jatau a bakin ƙofa, ka gaishe shi da Hausa."

A bayan ƙofa Zuhura ta toshe bakinta da gefen mayafi, kuka da dariya suna rige-rigen fitowa.

An ɗaura auren bayan babbar salla, Ashafa kuma shi ya bayar da ita, murya ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori.

Ya ku samari da 'yan mata, ku lura da kyau. Da Ɗantani ya rama zagi ko da sau ɗaya, da Zuhura ta ɗaga wa baffanta murya, da tsohuwar nan ba ta sami abin kafa hujja ba. Haƙurinsu ne ya tsaya musu. Wanda kuwa ya ji kunyar launin da Ubangiji Ya yi masa da harshen da ya sha a nono, to ya jira ranar da za a karanta masa tarihinsa a tsakar gida, yara na saurare.