Gogen Da Baba Ya Rufe Ranar Talata

Da idona na ga takalmin ɗan dokan ya sauka a kan hannun Lazzaro. Hannun hagu, wanda yake danna tsirkiya da shi. Ƙarar ƙashin ta iso kunnena tun kafin ihunsa.

“Ku bar masa hannun!” na ce. “Ku daki ko’ina, ku bar masa hannun…”

Ba wanda ya saurare ni. Su huɗu ne, sun danne shi a bakin ƙofar maƙabarta, gogensa na gefe a cikin taɓo. Ya zo ne ya yi wa Baba kiɗan bankwana daga wajen katanga, tunda an hana shi shiga. Na zabura zan faɗa kan Lazzaro in kare shi, Baffa Gervaso, ƙanin mahaifina, ya fizgo ni ta gashi ya kwaɗa mini mari har na ɗanɗani jini.

“Marar kunya. Ƙasar kabarin ubanki ba ta bushe ba, kina kuka a kan wanda ya kashe shi?”

Lazzaro ya ɗago, rabin fuskarsa jini, ya neme ni da ido.

“Orsola… ba ni ba ne.”

Suka ja shi a ƙasa kamar buhun gawayi.

Wannan a watan Afrilu ne na shekarar 1731, lokacin da sanyi ya saki garinmu Cremona, kowane shago a layinmu na masassaƙan goge ya rataye sababbin goguna a igiya su sha rana. Mahaifina, Ambrogio Scaravaggi, shi ne na uku a layin in ana maganar hannu, na farko in ana maganar taurin kai. Ɗa namiji bai samu ba, sai ni. Uwata ta rasu ina goye, don haka a cikin ɓawon katako na yi rarrafe. Ina shekara ashirin da biyu na sassaƙa goge sukutum da hannuna, wata takwas ina kansa a ɗakin baya, saboda a layinmu mace shara take yi a shago, ba sassaƙa ba.

Lazzaro kuwa makaɗi ne daga garin Mantova, ba shi da kowa, yana kiɗa a coci ranar Lahadi, sauran ranaku a gidajen biki. Tsirkiya ya zo saye, ya tarar da ni ina gwada gogen wani. Ya ce sassaƙata ta fi kiɗana kyau nesa ba kusa ba. Na ce shi ma kiɗansa ya fi fuskarsa. Daga nan muka lalace a son juna.

Ranar da ya zo neman aurena, Baba ya karya masa sandar kiɗa a gwiwa, ya jefa masa guntayen a titi, ya ce ba zai ba mai yawon biki ’yarsa ba. Lazzaro, da zuciyarsa ta samari, ya ce a gaban jama’a: “Za ka yi nadama, tsoho.” Kalma biyar. Su aka ɗauko aka ɗaura masa a wuya.

Bayan mako biyu, ranar Talata, na dawo daga kasuwa da azahar na tarar da Baba kwance a ƙasan teburin aiki, wuƙar sassaƙa a maƙogwaronsa har ƙota. Jini ya bi tsagin katakon ƙasa ya kai bakin ƙofa. Gogena yana kan tebur a ɗaure cikin abin matse katako, da safiyar nan Baba ya rufe shi, wato ya manne fuskarsa da jikinsa. Baffa Gervaso ya rantse a gaban alƙali da hannunsa a kan Littafi Mai Tsarki cewa tun asuba yana bakin kogin Po yana zaɓen katako, kuma da yake dawowa ya hango Lazzaro yana fita daga lungunmu da gudu.

Alƙali ya yanke rataya, ranar Asabar ta sama.

Ranar Laraba da hantsi na kai masa burodi da cuku a kurkuku. Ya ɓoye hannun a bayansa, na ce ya fito da shi. Yatsu uku sun kumbura sun yi baƙi, sun karkace kamar saiwa.

“Kada ki kalla, abar ƙaunata.”

“Zan kalla. Nawa ne.”

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya ce in daina wahalar da kaina, ko an sake shi me ya rage? Makaɗin da ba yatsu ai gawa ce mai yawo. Na ce masa in ya ƙara faɗin haka ni zan riga mai igiya shaƙe shi. Sai ya jingina goshinsa da ƙarfen da ya raba mu, ni ma na jingina nawa.

“Ranar Talatar nan na je lungunku,” ya ce a hankali. “Ban ɓoye wa alƙali ba. Baba ne ya aiko in zo. Na ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba, na ji motsi a ciki, na ɗauka ya sake shawara ne. Na tafi ina jin haushi.”

“Baba ya aika maka?”

“Ya ce in zo da tsaftatacciyar riga.”

Na fito ina kuka, ina jin haushin Baba, ina kewarsa, duk a lokaci guda.

A shago na tarar da Baffa yana aiki a teburin Baba, a kan kujerar Baba. Shekara talatin yana yi wa wansa aiki, sunansa bai taɓa shiga cikin goge ko ɗaya ba. Yanzu ya sa an buga masa ’yar takarda da sunansa, ya zura ta ta ramin gogena ya manna, ya ce aikinsa ne. Na ɗauki tsintsiya.

Ina shara ina kallonsa. Ya gama manna wani abu, ya sauke tukunyar gam daga kan garwashi, ya rufe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ya wanke buroshin tas, ya matse, ya rataye shi a ƙusa gashinsa na kallon ƙasa.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna.

Gam ɗinmu na fata ne, ba ya son tafasa. In ya wuce kima a wuta ya ƙone, warinsa sai ya kori unguwa. Baba kuwa bai taɓa sauke tukunya kafin ƙararrawar azahar ba, kuma bai taɓa wanke buroshi ba a rayuwarsa. A cikin tukunyar yake barinsa ya sandare, kullum suna faɗa da Baffa a kan haka. Amma ranar da na tsallaka jininsa, babu warin ƙuna a shagon. Tukunyar tana kan taga a rufe da ƙyalle. Buroshin yana rataye a ƙusa, yana ɗigar da ruwa.

Mutum ya soke ɗan’uwansa, amma hannunsa ya kasa barin gam ya ƙone.

“Me kike kallo?” Baffa ya ce.

“Ba komai, Baffa. Ƙura ce ta shiga idona.”

Na san buroshi ba zai kwance igiya daga wuyan mutum ba. Alƙali zai ce mafarkin mace ne. Amma akwai abu guda. Baba ba ya rufe goge sai ya yi rubutu da fensir a cikin cikinsa, inda ido ba ya kaiwa: kwanan wata, da abin da ke ransa a sa’ar. Wani lokaci addu’a, wani lokaci ƙorafin ciwon baya. Baffa bai iya karatu ba, duk addu’a ya ɗauke su. Kuma ko ya yi zargi, babu masassaƙin da zai iya sa wuƙa ya buɗe sabon goge lafiyayye. Ni ma ban san me ke ciki ba. Wataƙila ciwon bayan ne.

A layinmu ba a miƙa sabon goge sai manyan masassaƙa sun taru sun ji muryarsa. Gogena kuwa alƙalin da kansa ya sa a yi masa, tun bara. Ranar Juma’a da la’asar ya zo, da ’yan dokarsa biyu, da dattawan layi biyar. Baffa ya sha sabuwar riga. Aka ba makaɗin babban coci gogen, ya ja sanda.

Ban taɓa jin muryarsa ba sai ranar. Wata takwas na rayuwata ne yake waƙa a ɗakin. Wani dattijo ya share ido, ya ce ashe Gervaso yana da wannan hannun aka danne shi shekara talatin? Baffa ya sunkuyar da kai wai shi mai kunya.

Na kawo musu ruwan inabi a faranti. Na ajiye. Na ce wa makaɗin ya ba ni in goge masa ƙura. Na kifa gogen a kan tebur, na ɗauki gudumar katako.

Na rufe ido na sauke ta a bayansa.

Ƙarar da ya yi, har yau ina jinta a haƙorana. Na ƙara, na ƙara, har bayan nasa ya tsage gida uku.

“Ta haukace!” wani ya ce.

Baffa ya yi wani irin gurnani ya yo kaina da wuƙar sassaƙa. Na kare da hannu, ta yanke ni daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ya shaƙe ni ya haɗa kaina da bango, ina ganin wuta-wuta, amma ban saki gogen ba. Sai da ’yan doka biyu da dattijo ɗaya suka taru kafin suka ɓamɓare shi. Na ja jiki na ajiye abin da ya saura a gaban alƙali, jinina na zuba a kan takalminsa.

“Ranka ya daɗe… karanta. Ni ma ban san me ya ce ba.”

Ya kai shi bakin taga, ya karanta a fili.

“Talata, uku ga Afrilu, 1731. ’Yata Orsola ce ta sassaƙa wannan, ni rufewa kawai na yi. Ya fi duk nawa. Shagon nata ne bayana. Na aika wa makaɗin nan ya zo da azahar, zan ba shi ita, na gaji da ganin ta tana rama. Gervaso yana tsaye a kaina yanzu yana zagina tun safe. Zai huce.”

Kowa ya dubi Baffa.

Alƙali ya juya. “Ka ce tun asuba kana bakin kogi.”

Baffa bai dubi alƙali ba. Gogen yake kallo, hawaye na bin gemunsa.

“Shekara talatin,” ya ce. “Ni nake zaɓen katako, ni nake dafa gam, ni nake goge masa kuskurensa. Sai ya ɗauki shagon ya ba yarinya? Yarinya, da ɗan kiɗan biki?” Sai ya dube ni. “Kin fasa shi. Goge irin wannan… ke ba ki da imani?”

Abin da ya dame shi ke nan. Ban je wurin ratayarsa ba, ban kuma yi masa kuka ba. Na yi wa Baba, wanda ya rubuta “zai huce”.

Da safiyar Asabar aka buɗe wa Lazzaro ƙofa. Likita ya duba hannun ya girgiza kai, ya yanke yatsu biyu a ranar, na ukun ya sandare har abada. Na zauna kusa da shi da nawa hannun a naɗe, yana cizon tsumma, ina riƙe da kansa.

Da ya warke sai ya daina zuwa. Na aika, shiru. Na je ɗakinsa na tarar yana ɗaure kaya zai koma Mantova.

“Ina za ka?”

“Inda ba a san na taɓa kiɗa ba.” Bai dube ni ba. “Orsola, makaɗi Baba ya ba ki. Makaɗin ya mutu a bakin maƙabarta. Ba zan zauna kina ciyar da ni ina kallon goguna a rataye ba.”

“Nuna mini hannunka.”

Ya miƙo na hagun da ɗaci.

“Ba wannan ba, sakarai. Ɗayan.”

Ya miƙo na dama. Yatsu biyar, dogaye, lafiyayyu. Na ɗora masa sandar kiɗa a na hagun, babban yatsa da manuni suka kama ta, suna rawa, amma sun kama.

“Ka ba ni zuwa kaka,” na ce. “In ka tafi kafin nan, na rantse har Mantova zan bi ka da guduma. Ka san na iya.”

Fuskar tsohon gogen ban taɓa ta ba, tana rataye a kan teburina da rubutun Baba. Sabo na sassaƙa, komai nasa a juye, don ya danna tsirkiya da hannun dama: ƙaramar tsirkiya inda babba take zama, sandar da ke tokare cikinsa a ɗaya gefen. Dattawan layi suka ce wannan ba goge ba ne, abin dariya ne. Na ce ai ba su na yi wa ba.

Shekara biyu yana koyo kamar yaro, yana zagi, yana jifa da sanda, ina ɗaukowa ina mayar masa. Maƙwabta sun sha wahala, ba ƙarya. Bai koma yadda yake a da ba, ba zan yi muku daɗin baki ba. Amma ranar aurenmu, a watan Afrilu, bayan an ci polenta, tuwon masararmu, an sha, ya miƙe ya ɗora gogen a kafaɗar dama. Ya ja waƙar da bai ƙarasa wa Baba ba a bakin maƙabarta, ya kai ta har ƙarshe.

Da ya sauke sandar ya matso kunnena.

“Raina… me kika rubuta a cikinsa?”

“Ka fasa ka gani.”

Ya rungume gogen a ƙirjinsa kamar za a ƙwace. Shekara arba’in da ɗaya muka yi tare, bai taɓa sani ba.