Rakiyar Mutanen Kufai

Lurwanu ɗan kabu-kabu ne a Gidan Sori, kuma kowa ya san bakinsa ya fi motonsa gudu. Shi ne ya taɓa jefa wa mai shayin tasha kwaɗo a buta, ya zauna a bencin yana taya shi neman wanda ya yi. Ranar da taubashinsa Ilyasu ya zo daga Gazawa, ko ƙurar hanya bai bari ya kakkaɓe ba.

"Hau, bawana, in kai ka ka ga inda aka yi gari tun kakanka na yawo ba wando."

"Ubangidanka dai. Moton nan zai kai mu, ko ni zan goyo shi?"

Suka wuni a garin Tsibiri. Suka zaga tsofaffin unguwanni, suka sha fura a wani zaure, Lurwanu na ta zuba tarihi, rabi wanda ya ji, rabi wanda ya ƙera nan take. Bayan la'asar ya ce saura babban abu. Can gangaren gulbi akwai wani kufai, unguwa ce guda da ruwa ya ci tun zamanin kakanni, waɗanda suka tsira suka hau tudu.

Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, fadama na nan jiƙe. Suka jingine moton a gindin wata goriba, suka bi ƴar siririyar hanya tsakanin ciyawa da ruwan bado. Laka na tsotsar takalmi. Kwaɗi na ta kuka ta kowane gefe.

Kufan ba wani abin kallo ba ne: guntayen katanga, fasassun tukwane, dutsen niƙa da ya nutse rabi a ƙasa. Ilyasu ya taɓe baki ya ce wannan ne aka ƙona isansin moto dominsa? Abin ya sosa wa Lurwanu rai. Da za su juya sai ya haye wata katanga, ya dafa ƙugu, ya ɗaga murya.

"Masu gida, mun wuce! Ba ruwa, ba tabarma, rakiyar ma ba za a yi wa baƙi ba?"

Ilyasu ya yi dariya, amma gajera. "Sauko, kai. Rana ta kusa faɗuwa."

Suka kama hanya. Ba su yi nisa ba kwaɗin suka yi tsit, gaba ɗaya, kamar an rufe su da ƙwarya.

Sai taku.

Caɓ. Caɓ. A bayansu, a hankali, irin takun dattijon da ba ya sauri. Lurwanu ya tsaya, takun ya tsaya. Wani wari ya iso su, warin tsohuwar rijiya da jiƙaƙƙen tufa.

"Kada ka waiga," in ji Ilyasu ƙasa-ƙasa.

"Wa ya ce zan waiga? Saniya ce."

"Saniya mai ƙafa biyu?"

Suka ƙara sauri. Ga goriba can, ga moton ma yana ƙyalli a ƙarƙashinta. Suka nufe ta. Hanyar ta lanƙwasa bayan wani kurmin ciyawa, suka lanƙwasa da ita, sai ga dutsen niƙa a gabansu.

Kufan ne.

Lurwanu ya zaro salula, babu rezo, kira ba ya shiga. Suka saki hanyar suka yanki fadama kai tsaye. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Goribar na nan inda take, ba ta matso ba, ba ta yi nisa ba. Da suka fito daga ruwan, katangar da Lurwanu ya hau ce ta tare su, ga shaidar takalminsa a kanta.

Yanzu takun ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai mai jan ƙafa. Akwai mai ƙarar munduwa. Akwai wani ƙarami da ke gudu-gudu don ya cim ma manya.

Sama ta yi ja, jan ya fara dusashewa. Ko kiran salla ba ya isowa nan. Ruwan da suka baro a baya ya biyo su har cikin kufan, yana lasar gindin katanga.

Ilyasu ya riƙe masa hannun riga.

"Rakiya ka roƙa, Lurwanu. Ita ake yi mana."

"To ta isa haka mana."

"Ni kake gaya wa? Ka taɓa ganin mai rakiya ya koma ba a sallame shi ba? Sai ka tsaya, ka juya, ka ba shi hannu."

"Kai ka juya. Kai ne babba."

"Yau kuma? Bakinka ya kira su."

Ruwa ya kai gwiwa.

Lurwanu ya zare hannun rigarsa daga riƙon Ilyasu. Ya juya.

Masu takun na tsaye a jere, har inda ido ya ƙare. Na gaba dogon tsoho ne cikin rigar saƙi, ruwa na zuba daga gemunsa ba ya tsayawa. Fuskarsa fari fat, kamar tafin da ya daɗe a wanki. Ba ya ƙifta ido. Ya riga ya miƙo hannu, da alama tun ɗazu yake miƙe.

Lurwanu ya kama. Sanyi ya ratsa shi har haƙora.

"A... a koma haka nan, Baba. Rakiya ta isa."

"Mu ɗan taka kaɗan dai." Muryar kamar daga cikin tulu.

"A'a, wallahi kun yi ƙoƙari. A huta."

Hannun bai sake shi ba.

"To, madalla. A gai da gida."

"Gida zai ji," in ji Lurwanu. Kuma bakin nan nasa, da ya saba tun yana yaro, ya ƙarasa da kansa: "Sai kun zo."

Tsohon ya yi murmushi. Laka ta gangaro ta gefen bakinsa.

"Gidan Sori ko? Muna tafe."

Kwaɗi suka ɓarke da kuka. Ga goriba a gabansu, ga moto, ƙasa busasshiya. Yadda suka hau, yadda suka iso gari, babu wanda ya iya faɗa a cikinsu.

Washegari da sassafe Ilyasu ya nemi motar Gazawa, ko koko bai tsaya sha ba. Lurwanu kuwa ya yi jinyar hannun dama, ya warke, sai dai har yau tafin a yamushe yake, kuma ba ya ɗumi ko a bakin murhu. Ya tashi daga gidansu ya kama haya a wata unguwa. Matarsa Balkisu ta gaji da tambayar dalili.

Ran nan da almuru ya dawo daga aiki, ya tarar ta shimfiɗa tabarmi har tsakar gida.

"Na wa ne?"

"Baƙinka. Wani tsoho ya yi sallama ɗazu, duk a jiƙe, na ce ba ka nan. Ya ce ba komai, bari ya koma ya taho da sauran."