Kiɗan da Ba Ya Ƙarewa

Ku matso kusa. Ke Asabe, kife wayar nan. Wannan labarin ba a ɗaga murya in ana ba da shi.

A Funtuwa aka yi wani mai haɗa kiɗa, sunansa Tasi'u. Situdiyonsa ɗaki ne guda a saman bene, bayan tsohuwar tasha. Ba taga. Bango duk an manna soso don kada sauti ya fita. Ƙasa kafet, duk wanda ya zo sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Mawaƙan biki su kawo baitinsu, shi ya ɗora musu kiɗa. Da wannan yake riƙe matarsa Barira da jaririyarsu.

Wata shekara ya sayo wata na'ura ta hannu daga Legas. Kamar fiyano take, sai dai gajera, jikinta duk maɓallai. Abin da ya sa ya ƙwallafa rai a kanta shi ne, tana ƙirƙirar kiɗa da kanta. Ka danna mata 'yan muryoyi, ka ba ta saurin da kake so, ka janye hannunka. Ita za ta yi ta jujjuya su, ta kai wannan gaba, ta tsallake wancan, ta fito da salon da bai taɓa zuwa ranka ba. Tana da abin murɗawa guda biyu. Na farko na sakin linzami ne: ka murɗa kaɗan ta bi abin da ka ba ta, ka ƙara ta yi gaban kanta. Na biyu na yawan bugu ne, ka cika ko ka rage.

Tasi'u yakan kunna ta ya zauna yana saurare. In ta faɗo kan salo mai daɗi, ya kama shi ya zuba a kwamfuta. Kasuwa ta buɗe masa. Har ya saba barinta tana kiɗa ita kaɗai, ya kulle ɗakin ya tafi cin abinci.

Ran wata Juma'a aiki ya riƙe shi. Malam Buhari, telan da ke ƙasan benen, ya leƙo.

"Tasi'u, liman ya kusa hawa mumbari fa."

"Ku yi gaba, Malam, ga ni nan."

Bai bi su ba. Ya sa sakata, ya mai da hedifon kunnensa. Unguwar ta yi tsit. Rana ta take tsaka.

"Sannu da aiki, makaɗi."

Daga cikin hedifon ɗin muryar ta fito. Ya cire shi, ya waiga.

Wani dogon tsoho ne a tsaye a tsakiyar ɗakin. Babbar rigarsa na jan ƙasa. Bai yi sallama ba. Tasi'u ya kalli ƙofa. Sakata na nan yadda ya sa ta. Ya kalli inda ake ajiye takalma. Nasa ne kaɗai.

"Baba, ta ina ka shigo?"

"Kullum muna nan. Kai ne dai yau ka zauna."

Makirfo a kunne yake, dab da bakin tsohon. Ko numfashi mutum ya yi a gabansa, sai layin da ke fuskar kwamfuta ya motsa. Tsohon na magana, layin na kwance a miƙe kamar gawa.

"Kiɗan nan da kake sayarwa, wa yake yin sa?"

"Na'ura ce, Baba. Ita take ƙirƙira."

Tsohon ya yi dariya. Leɓensa bai motsa ba.

"Ƙarfe ba ya ƙirƙirar komai. In ka ɗauke hannunka, wani ne ke sa nasa. Jikokina ke wasa da ita in ka fita. Ka daɗe kana cin guminsu. To yau muna da biki, kai za ka yi mana."

"Baba, masallaci zan je."

"Ka makara. Murɗa."

"To yaushe zan tafi?"

"In kiɗa ya ƙare."

Tasi'u ya kama abin murɗawa na farko. Ya kai shi har ƙarshe, inda bai taɓa kai shi ba.

Abin da ya fito daga sifika, ba a taɓa jin irinsa a gidan biki ba. Bugun na zuwa a karkace, yana hawa kan juna, ga daɗi, ga tashin tsikar jiki. Sai wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya. Kwamfuta ta mutu. Na'urar ba ta ko yi tari ba, jajayen fitilunta na ta ƙiftawa a cikin duhu.

Wani wari ya tashi, kamar na ɗanyar fata. Ɗakin ya cika. Bai ga kowa ba, amma ya ga kafet na lotsawa nan da can. Dim. Dim. Wani abu mai gashi ya goge shi a ƙeya. Tsohon ya tattare rigarsa ya shiga rawa, a nan Tasi'u ya ga ƙafafunsa. Kofato ne.

Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshe ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Sannan ya lura da ƙirjinsa. Zuciyarsa ta bar nata bugun, ta koma bin na na'urar. Na'ura ta yi sauri, zuciya ta yi. Ta tsallake, ta tsallake.

Ya yi ta jiran ƙarshe. Can abin ya faɗo masa, gumi ya karyo masa. Wannan kiɗan ba shi da baiti, ba shi da amshi. Ba ya komawa inda ya fito, balle ya ƙare. Shi da bakinsa yake yi wa mawaƙa alfahari da haka.

Ya tuna Barira. Da safe ta ce ya taho da maganin tarin yarinya.

Idon tsohon na kan abin murɗawa na farko, duk juyin da zai yi. Tasi'u ya fara gyaɗa kai kamar kiɗan ya ratsa shi. Ya zame yatsa zuwa na biyu. Ya rage kaɗan. Bugu ɗaya ya faɗi daga cikin salon. Ba wanda ya kula. Suka taka rawa a cikin gurbin.

Ya jira. Ya ƙara ragewa.

Duk gurbin da ya buɗe a kiɗan, sai ya buɗe a ƙirjinsa. Idonsa ya fara ganin duhu-duhu. Bai fasa ba. Kiɗan ya yi ta sirancewa, ƙafafun masu rawar na ta yin sanyi. Ya zama saura bugu ɗaya, sai dogon shiru, sai wani. Ya cije leɓe ya kai shi ƙarshe.

Tsit.

Zuciyarsa ta tsaya. Sannan ta buga, don kanta.

"Ka yi wayo, ɗan Adam," in ji tsohon, a daidai kunnensa. "Kiɗa ya ƙare. Mu ba ma saɓa magana. Kuma ba ma sallamar makaɗi ba tukuici."

Wani yatsa mai sanyi ya taɓa kunnensa na hagu.

Tasi'u ya zare sakata, ya gangaro benen da rarrafe. Rana na nan tsaka. Mutane na dawowa daga masallaci. Ga Malam Buhari tafe, sai dai gemunsa ya yi fari fat. Da ya ga Tasi'u, dardumar hannunsa ta faɗi.

"Innalillahi! Tasi'u?"

"Malam, har an idar?"

Telan ya zaunar da shi a benci. Ya ce a ranar suka ɓalle ƙofar. Ba shi, ba na'ura. An nema har an gaji. Shekaru sun wuce. Alƙali ya raba auren, Barira ta yi wani a Bakori.

Ya je Bakorin. Ya yi sallama a ƙofar gida. Wata yarinya ta fito cikin kayan Islamiyya, goshinta irin nasa sak. Ta dube shi, ta juya.

"Mama, ga wani baƙo."

Barira ta ɗaga labulen zaure. Ta gan shi. Ta saki labulen, ya ji ta zube a bayansa tana kuka ƙasa-ƙasa. Bai jira mai gidan ba. Ya juya ya kama hanya.

Tukuicin kuwa yana nan tare da shi. Kunnen nan na hagu ba ya jin maganar mutane. Kiɗan yake ji, dare da rana, kuma har yau bai maimaita salo ɗaya ba. Yanzu rake yake sayarwa a bakin tasha. Wani lokaci yana cikin fere wa mutum sai ya tsaya cak, ya dafe ƙirji, ya karkata kai. Masu shagunan wurin sun sani. Ba mai yi masa magana har sai ya sauke numfashi.

To kai Mudi, da kake ta nacin a saya maka fiyano, ka ji. Kada ka kulle kanka kai kaɗai da abin kiɗa lokacin da gari ya tafi salla. Kada kuma ka saki abu yana kiɗa ka ce ai ɗakin ba kowa.

Akwai kowa.